Ku Tambayi Tanti: Mu biyar gida ɗaya muna aikin hannu, babu mai diploma, ko mu ma za mu iya baje koli?

Wannan satin saƙonnin da suka shigo min kusan duk kan zane ne da aikin hannu, ban san me ya tayar da ku ba, ko hutun lakwal ne ya sa kowa ya tuna da kiriyonsa. Na zaɓi guda huɗu. Na farkon dogo ne amma ban yanke komai a ciki ba, na bar shi da Adarancinsa yadda ya rubuto don ya fi daɗi a haka.

TAMBAYA

Salamu alaikum Tanti, ina kwana ina gajiya, yaya zahin Yamai. Ni ɗanki ne daga Tawa shekarata 24, na bar lakwal ban samu befese ba, yanzu ina taya wani kawuna tsaron shago. Tun ina ƙarami nike zane, da bik nike yi da kiriyo wani lokaci da gawayi, ba wanda ya koya mani sai dai in ga abu in zamna in yi ta gwadawa har shi hito, ina zana kasuwa da raƙuma da ƴan kokowa da tsohin gidajen ƙasa na unguwarmu. To Tanti gidanmu kusan kowa da abin da hannunshi ya iya. Inna tana zanen ƙwarya da wuta kuma tana saƙar faifai, baba baduku ne gado ya yi, ƙanwata tana ƙunshi amma yanzu ta koma tana zuba irin zanen lallen bisa kwali da fenti, shi ko autanmu shekarashi 12 motoci yake ƙerawa da waya da gwangwanin madara har da ƙohwar da ke buɗewa. Wani mushe da ke zuwa shagonmu ya ga kayena na zane ya ce mi zai hana ku yi espo, wato baje koli, ku duka gidan, tun ran nan maganar ta hana ni kwana. Amma da na hwaɗa ma abokaina wurin fada sai sunka yi ta dariya wai espo ta masu diploma ce da nasaru. Tambayata ukku ce Tanti. Na ɗaya ko wanda bai yi karatun abin ba shina iya baje kolinshi ba a yi mai dariya ba, kuma Tawa za mu yi ko mu taho Yamai. Na biyu ƙoren Inna, ni dai tsoro nike ji mutane su ce ai wanga kayan kasuwar Lahadi ne, na yi tunanin in aje su can gehe guda don dai su cika wuri. Na ukku kuɗi, baba ya ce duk abin da anka saida a haɗa wuri guda shi za ya riƙe, ƙanwata ta ce ita ba ta yarda ba, har sun kwana biyu ba ta gaishe shi da sakin huska. Ki ba ni shawara don Allah. Ɗanki daga Tawa.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana, lafiya lau, zafi kam sai godiya. Ka gaida min Inna da kyau tun kafin in fara yi maka faɗa, domin faɗa zan yi maka, kuma a kanta ne.

Amma bari in fara da ƴan fadarku masu dariya. In kun zauna shan shayi gobe ka tambaye su ko sun san Moustapha Alassane. An haife shi 1942 ya rasu 2015, kuma a Tawa ɗin nan taku ya zauna shekara da shekaru har ƙarshen rayuwarsa. Bakanike ne da farko, ba wata makarantar zane da ta yaye shi, da kwali da hasken fitila ya fara yana yanka siffofi yana haska inuwarsu mutane na taruwa suna kallo, daga nan ya kai ga yin fim na zane mai motsi tun cikin shekarun 1960, lokacin da a Afirka kaf ba su fi a ƙirga da yatsu ba masu yin irinsa, kwaɗi ya zana ya sa musu rigar mulki suna fareti yana yi wa manya shaguɓe. Yau babbar cibiyar al'adu da ke daura da mize, wato gidan tarihi, a nan Yamai, wadda muka taso muna ce wa CCFN, sunansa take ɗauke da shi. To wannan ɗan garinku ne, su je su yi masa dariya in sun isa. Ni a iya zuwana wuraren baje koli ban taɓa ganin wanda ya tsaya gaban zane ya ce a nuna masa takardar mai zanen kafin ya ji abin ya burge shi ba, ko dai zanen ya tsayar da mutum ko ya wuce abinsa.

Kuma wannan magana da kake ta maimaitawa wai ba wanda ya koya maka, ka rage ta. Yaron da ya buɗe ido ya ga uwarsa tana raba bayan ƙwarya gida huɗu ba tare da ma'auni ba kuma ya fito daidai, ya ga ubansa yana yanka fata da ido kawai, wannan yaron ya shiga makaranta tun bai san ya shiga ba. Ka ɗauko zanenka na tsofaffin gidajen nan ka duba yadda kake cika gefensu, na rantse in ka lura za ka ga hannun Inna a ciki.

Wanda ya kawo ni ga ƙoren. Haba ɗana. Can gefe guda don su cika wuri? Wallahi da na karanta wurin nan sai da na aje waya na miƙe na sha ruwa. Bari in ba ka abin da na gani da idona. Kakata ta wajen uwa tana wannan aikin, ina ƴar yarinya nakan zauna kusa da ita, za ta hura gawayi a ɗan kasko ta cusa ƙarafa biyu ko uku masu kan wuƙa, ɗaya na hannunta sauran na cikin wuta, ta kifa ƙwaryar a kan cinyarta da tsumma a ƙasa, in ta ɗora ƙarfen sai ka ji ɗan cuu hayaƙi ya tashi mai ƙamshi kamar na gyaɗar da ta fara ƙonewa, tana jan layi da hannun dama hagu na juya ƙwaryar, kafin ƙarfen ya huce ta mayar ta zaro wani, kuma duk wannan tana hira tana yi wa wani yaro tsawa ya bar bakin rijiya. Babu gom a aikin nan. Kai in layinka ya karkace kana gogewa ko ka yage takardar ka ɗauki wata, ita in wuta ta ci ta ci, dole kuskuren ya koma ado ko a yi asarar ƙwarya. Ka gaya min tsakanin kai da ita wa ya fi ƙarfin hali.

Abin da ya sa kake ganin ƙwaryar ba komai ba ce don a ciki aka dama maka fura tun kana rarrafe, ido ya saba. Kuma a kasuwar Lahadi a ƙasa ake jibge su ashirin talatin a kife kan juna, ba mai ganin ɗaya. Ka ɗauki guda ɗaya tak wadda ta fi kyau, ka goge ta, ka rataya ta a bango fari daidai tsayin idon mutum, ka bar fili hagu da dama, ka rubuta a ƙasa sunan wadda ta yi da shekarun da ta ɗauka tana yi, ka ja da baya ka kalla. Kai da kanka sai ka ji kunyar saƙon da ka turo min. In ni ce ku, ƙoren Inna su ne abin da mai shigowa zai fara cin karo da shi, sai aikin fatar baba, sannan naku na yara ya biyo baya, mutum yana tafiya yana ganin yadda hannu ɗaya ya ratsa gidan, daga wuta zuwa fata zuwa lalle zuwa bik zuwa waya. Masu zane da bik suna da yawa a Facebook, wasunsu ma sun fi ka, kar ka ji haushi, amma gida guda mai mutum biyar kowa da nasa ba kullum ake gani ba, wannan shi ne abin da zai sa mutum ya bar inuwa ya zo.

In Inna ta yarda kuma baba ya amince, ta zauna a wurin da kaskonta ta yi aiki ko na awa ɗaya ne da la'asar. Ka je mize na ƙasa a nan Yamai, wanda aka buɗe tun 1959 yake ɗauke da sunan Boubou Hama, mutane na zuwa don zaki da dorina da ƙasusuwan dabbobin zamanin da, amma ka lura da inda suke daɗewa a tsaye, rumfunan maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa ne, inda ake aikin a gaban idonka. Shi ma baba ya zo da ɗanyen kayansa, ƴaƴan bagaruwa da ake jima da su, karan dafi na jan rini, kuloko na baƙi, ya zuba a ƙananan faifan Inna. Yaran yanzu da yawa sun ɗauka jan fata daga kanti yake fitowa.

Maganar Tawa ko Yamai, Tawa mana. Tsakaninku da mu tafiyar kilomita ɗari biyar da wani abu ce, ku bi Ƙonni ku bi Dogon Dutsi ku bi Doso, mutum biyar da kaya masu fashewa, ga kuɗin kar zuwa da dawowa ga masauki ga taksi a cikin gari, kafin ku sayar da faifai ɗaya kun ci bashin da zai ɗauke ku wata shida, kuma ku zo garin da ba wanda ya san ku. A Tawa kuwa dangi kaɗai sun isa su cika muku wuri ranar farko, ga ƴan unguwa ga kwastomomin shago ga ƙawayen ƙanwarka da ta yi wa ƙunshin biki. Ku je gidan matasa da al'adu na garinku ku tambayi yadda ake samun sal, ku tafi da mushen nan tunda shi ya tayar da zancen, ya san bakin da ake yi wa ƴan biro magana kuma zai iya rubuta muku takardar neman izini da Faransanci. In abin ya yi tsada ko aka yi ta ce muku ku dawo gobe, kar ku tsaya jira, aji ɗaya na lakwal ranar Asabar da Lahadi ya isa, ko zauren gidanku da ƙofar gida a kafa bash a shimfiɗa tabarmi, sai dai ku sanar da mai unguwa, in za ku tare hanya kuma ku leƙa meri. Ku gayyaci ɗaliban jami'ar Tawa, su ne masu ɗaukar foto su watsa, ku kai wa gidan rediyo sanarwa da Hausa don tsofaffi ba sa ganin istatus na WhatsApp. Yamai tana nan ba inda za ta, akwai ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata, akwai SAFEM, babban baje kolin da ake yi wa mata masu aikin hannu, inda Inna da ƙanwarka za su iya neman shiga ta hannun ƙungiyar masu sana'a ta jiharku, amma ku zo da fotunan wanda kuka riga kuka yi a gida, ya fi ku zo da baki kawai.

Lokaci kuma ku kula da shi. Kar ku yi a watan Afrilu ko Mayu, ba mai fitowa kallon zane rana na dukan sama da digiri 40, damina kuma ka san hadarin Adar ba ya sallama. Daga Nuwamba zuwa Janairu ya fi, sanyi ya sauka an gama girbi mutane na da ɗan abu a aljihu. Illarsa ɗaya iska da ƙura. Na taɓa zuwa wani baje koli da wasu yara suka shirya a farfajiyar wata makaranta nan Yamai, sun manna zanensu a bango da sikoc, ana cikin jawabin buɗewa iska ta taso, sai ga mu manya da gyale da manyan riguna muna bin takardu a guje, ɗaya ta faɗa cikin bokitin lemu, yarinyar da ta zana ta kuka ta yi har aka tashi. Ku ɗaura igiya mai ƙarfi ku kama kowane zane da abin shanya biyu sama biyu ƙasa, ko ku liƙa shi kan kwali mai kauri tukuna. Kuma ku yi da rana ku tashi kafin magariba, kar ku dogara da wutar kuran.

Kar ka kwaso duk abin da ka taɓa zanawa. Na san halinku, kowane ɗaya ɗa ne ba ka son barinsa a gida. Goma sha biyu masu kyau sun fi hamsin da rabinsu gwaji ne. Ka ba ƙanwarka ta zaɓar maka kai ma ka zaɓar mata, ƴan uwa ba sa jin nauyin faɗa wa juna gaskiya. Motar auta kuma a sa ta kan tebur ƙasa ƙasa inda yara za su gani, amma a samu mai tsaro, in ba haka ba kafin azahar ta yi tafiyar da ba dawowa.

Sai kuɗi, wanda shi ne ainihin abin da zai iya rusa muku komai, sauran duk masu sauƙi ne. Baba ba mugunta yake nufi ba, haka ya taso, gandu ɗaya rumbu ɗaya maigida ke riƙe da makulli. Amma ita ma ƙanwarka tana da gaskiya, kuma ko a al'adarmu ta gandu ai akwai gayauna, ɗan abin da mutum ya noma da hannunsa a nasa lokacin nasa ne, kuma kuɗin sana'ar mace a cikin gida, furarta ko ƙuli ƙulinta ko faifanta, ba a taɓa cewa na miji ba ne, addini ma bai ce ba. Da wannan bakin za ka je wa baba, ba da bakin ƴancin kai na yaran zamani ba, kuma ba kai za ka faɗa masa a gaban ƙannenka ba. Ka samu kawun nan naka mai shago ko wani aminin baba su zauna su biyu bayan isha'i. Abin da zan ba da shawara a kai masa shi ne, kowane kaya da sunan mai shi da kuɗinsa a rubuce a jiki, a samu kaye ɗaya, wato littafin rubutu, mutum ɗaya ya riƙe, duk abin da aka sayar a rubuta nan take, in an tashi a fara cire abin da aka kashe, kuɗin bash da kujeru da ruwan sanyi da afish, sannan kowa ya zuba kashi ɗaya cikin goma na cinikinsa a asusun gida wanda baba zai riƙe, saura kowa ya ɗauki nasa. Baba ya riƙe girmansa da makullinsa, yarinya ta riƙe guminta. Na auta a ba Inna ta aje masa amma a nuna masa a hannunsa tukuna ya ƙirga, ka ga yadda zai ƙara himma. Duk wannan a gama shi kafin a buga afish, kar a bari sai kuɗi sun shigo, ana ganin jika goma a kan tabarma maganar kowa ke canzawa. Ita kuma ƙanwar taka ka ce Tanti ta ce ta je ta durƙusa ta gaida ubanta da safe yadda ta saba, neman haƙƙi daban ɗaure fuska daban.

Wajen sa kuɗi, kar ku sa na kasuwa kar kuma ku sa na mafarki. Ku lissafa abin da aka kashe a kan kayan, ku ƙara ladan kwanakin da aka yi ana aikin kamar yadda za a biya mai aikin yini a garinku, ku ɗan ɗora wani abu saboda tayi, don Bahaushe ko a aljanna sai ya ce a rage. A ce Inna ta sayi ƙwarya jika ɗaya ta kwana biyu a kanta, ka ga in ta sayar jika ɗaya da rabi wuta kawai ta sha a banza. Ku tanadi ƙananan abubuwa na dala ɗari zuwa jika ɗaya, ludayi mai zane, ɗan maratayin makulli na fata, ƙaramin kati da zanen ƙanwarka, saboda mafi yawan masu zuwa ba za su iya ɗaukar babba ba amma suna jin kunyar fita hannu sake. Dangi masu cewa a ba ni wannan in kawo kuɗin gobe kuwa, ka sa mai riƙe kayen ya zama wanda ba shi da kunya a gidan, kowane gida akwai shi. In kun sa rana ka turo min, ban yi alkawarin zuwa ba amma ina son ƙwarya ɗaya, kuma da kuɗina.

TAMBAYA

Tanti barka da aiki. Ni da ɗiyata muke zane a gida nan Talaje, ita da kiriyo ni da gawayi, amma duk wanda muka aje bayan wata biyu sai ya dame ya yi baƙi baƙi takardar kuma ta yi ja, wasu ma gara ta ci. Kadar na kanti mai gilashi da ake sa zane a ciki kuma ya fi ƙarfinmu. Ya za mu yi?

AMSA

Ƴar uwa sannunku, ki shafa min kan ɗiyar. Gawayi da kiriyo a saman takarda kawai suke zaune ba sa shiga ciki, shi ya sa duk abin da ya goge su sai su bi shi. Akwai feshi na musamman da ake sayarwa wurin masu kayan zane, in ba ki samu ba feshin gashi na mata yana ɗan riƙewa, ki tsaya nesa kamar kamu ɗaya ki fesa sama sama sau biyu ki bari ya bushe, sai dai ki sani da daɗewa yana sa takarda ta ɗan yi rawaya, don haka ki fara gwadawa kan wanda ba ki damu da shi ba. Tsakanin kowane zane da ɗan uwansa ki sa farar takarda, ki aje su a kwance cikin kwali biyu, a saman almuru ba a ƙasa ba kuma kar ya jingina da bangon ƙasa, nan ne hanyar gara. Jan da takarda ke yi kuwa daga ita takardar ne, ta kaye da ta jarida ba a yi su don su daɗe ba, rana kuma tana ƙara gaggauta abin, in zane ya yi miki kyau a gwaji ki sake shi kan takardar zane mai kauri ko da guda ɗaya za ki riƙa saye. Kadar kuma ki bar na kanti, ki je Katako ki sayi ƴan siraran katako, kafinta na unguwa ya haɗa miki, mai yankan gilashi ya yanka miki daidai, amma ki yanka kwali kamar taga ki sa tsakanin zanen da gilashin, in suka haɗu gawayin zai koma jikin gilashi.

TAMBAYA

Tanti ni ina zanen fuskokin mutane kuma ana biyana, sai wani yayana ya ce haramun nake ci. Na rasa sukuni. Ƙaninki daga Harobanda.

AMSA

Ƙanena wannan ba ta Tanti ba ce, ni ba malama ba ce kuma ba zan yi maka fatawa a shafin mujalla ba. Akwai hadisai masu tsoratarwa kan surar abu mai rai, wannan gaskiya ne yayanka bai ƙirƙira ba, kuma malamai sun yi bayani mai faɗi a kai har da bambanta gunki mai inuwa da zanen da ke kan takarda, da cikakkiyar sura da wadda ba cikakkiya ba, kuma ba duka suka tsaya kan magana ɗaya ba. Ka je wurin malamin da kai da yayanka duka kuka yarda da iliminsa, ku je tare, ka nuna masa ainihin abin da kake yi. In ya zamana zuciyarka ba ta kwanta ba, hannun da ya iya fuska ba zai rasa abin yi ba, ga zayyanar allo da ake yi wa masu sauka, ga rubutun ado, ga kogin Isa da gadar Kennedy a gabanka kullum kana tsallakawa, ka taɓa zama ka zana su da yamma lokacin da masu wanki ke kwashe shanya?

TAMBAYA

Tanti na sa foton zanena a Facebook wani ya ɗauka ya goge sunana ya sa nashi har yana karɓar yabo. Abin ya ƙona min rai. Ɗiyarki daga Yantala.

AMSA

Ɗiyata dole ya ƙona miki rai. Ki fara da yi masa magana ta inbos cikin ladabi ki ce ya cire ko ya sa sunanki, ki ɗauki kaftir na shafinsa da naki inda kwanan wata ya nuna ke kika riga sawa, in ya ƙi ki kai ƙararsa ga su Facebook ɗin, suna da wurin da ake kai ƙarar satar aiki. Kar ki tara ƙawaye a je a yi ta zagi a ƙarƙashin foton, ƙara masa jama'a za ku yi. Nan gaba ki riƙa sa hannunki a cikin zanen inda in an yanke shi zanen ya lalace, ba can ƙasa a kusurwa ba, ki riƙa ɗaukar ɗan bidiyo kina cikin aikin tun yana rabi da hannunki a ciki, kuma asalin takardar kar ki rabu da ita sai da dalili. In abin ya kai ga yana buga shi a riga ko a kalanda yana sayarwa, to ya wuce wasa, akwai ofishin kare haƙƙin masu fasaha na ƙasa, BNDA, nan cikin Yamai, mutane sun ɗauka na mawaƙa ne kawai alhali masu zane ma suna ciki. Ki ɗauki asalin zanen da kaftir ɗin da katin ɗan ƙasa, ki samu babba ya raka ki, ki je da safe.